Daga Sama Ba a Ganin Jan Fenti

Laraba, bayan an tashi daga makaranta

Yau Malama Chinelo ta kama ni. Ba laifi na yi ba. Ita ce mai kula da laburaren makarantarmu. Ni kuwa tun da na shiga aji ɗaya na sakandare, da an fita tara sai in shige bayan kantar littattafai ta ƙarshe in zauna, don a waje dole sai an yi magana da mutane. Na ɗauka ba ta san da ni ba. Ashe har littafin da nake ɗauka ta sani, babban nan na taswirori mai yagaggen bango.

Ta leƙo ta ce, "Nana Hafsat, fito. Kullum kina zagaya duniya a bayan kanta, ko tsaraba ba ki taɓa kawo min ba."

Na fito kaina a ƙasa. Ta ce hedimasta ya ba ta 'yan aji biyu na firamare duk ranar Alhamis ta koya musu karanta taswira, kuma sun yi mata yawa, tana neman mai taimako. Ni. Ni fa! Na gyaɗa kai. Ta ce ita kunnenta ba ya jin gyaɗa kai. Na ce to. Ta ce ta ji wani abu kamar kukan sauro, amma ta karɓa.

Har na isa gida ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu.

An zo layinmu da jan fenti. Ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, bayan La'asar

Wayyo daɗi! Bari in rubuta komai kada in manta.

Malama ba ta buɗe littafi ba ma. Ta sa aka ture tebura gefe, ta ajiye kofi da takalmi da buta a ƙasa, ta kawo kujera. Kowane yaro zai hau kujera, ya leƙa ƙasa, ya zana abin da idonsa ya gani, ba abin da ya sani ba. Aikina in riƙe kujerar in riƙe yaron.

Wani mai suna Uba, ƙaramin cikinsu amma bakinsa ya fi na kowa, ya hau ya leƙa ya ce, "Kai! Kofin ya zama zobe!" Shi ke nan kowa sai ya ga zobe. Wani kuma, Marvellous, ya ce butar ta zama kunkuru. Malama ta ce to haka taswira take, gari ne idan shirwa ce ke kallonsa.

Sai ta ce ni in yi musu bayanin yadda tebur zai fito daga sama. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Idanu sun yi yawa. Mmesoma ce kusa da ni, 'yar layinmu ce, gidansu na kallon namu, tun tana goye na san ta. Na sunkuya na raɗa mata a kunne. Ita kuwa ta miƙe ta ƙwala, "Anti Nana ta ce ba za ku ga ƙafafunsa ba!"

Haka muka yi har aka tashi. Ina raɗawa tana shela. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a yau laburare ya samu lasifika.

Anti Nana. Haka suke kirana. Na faɗa wa Umma, ta ce madalla, amma ba ta ɗago ba.

Juma'a, da safe

Na zana ɗakinmu daga sama. Katifa, akwati, randa. Ya yi kyau ƙwarai.

Lahadi, bayan Azahar

Goggo ta zo daga Samaru. Yayar Baba ce, ita ke sayar wa ɗalibai kunun aya, kuma idan tana magana har bakin titi ana ji. Ba laɓe na yi ba. Wanke-wanke nake yi.

Baba ya ce ya yanke shawara. Hunkuyi za mu koma, gidan Kaka, kafin a ga abin da Allah zai yi. Injin waldarsa ma can zai kai shi.

Goggo ta ce, "To Nana fa? Karatun nata?"

Baba ya ce a can ma akwai makaranta.

Goggo ta ce, "Tukur, kada ka mai da ni yarinya. Ka bar min ita. Ɗakina ya ishe mu. Ta riƙa hawa bas daga Samaru tana zuwa makarantarta, 'ya'yan wasu ma haka suke yi."

Baba ya ce, "Yaya, yarinyar da ko mai tumatir ba ta iya tayawa? Ranar da na aike ta wajen Obi mai kayan gyara, tsayawa ta yi a ƙofar shago har ya tashi cin abinci. Ita ce za ta yi Samaru zuwa Sabon Gari kullum ita kaɗai? In mota ta wuce da ita, wa za ta tambaya? Ba zan iya ba."

Maganar Obi gaskiya ce.

Na wanke tukunya ɗaya har ta fara ƙyalli. Ba na son zuwa Hunkuyi. Ina son Kaka, amma ba na son zuwa. Ina son makarantata da laburare da ranar Alhamis. Ga shi na rubuta.

Alhamis, da yamma

Yau gabas da yamma da kudu da arewa muka yi, kuma an yi rigima mai daɗi.

Malama ta ɗaga babban littafin ta nuna musu cewa arewa ce a saman takarda. Uba ya ce bai yarda ba. Ya ce gabas ce gaba, don can ake kallo a yi salla, kuma malaminsu na allo ya ce in ka kalli gabas, kudu na hannunka na cin tuwo. Yaran Musulmi duk suka bi bayansa. Marvellous ya ce shi dai littafi ya ce arewa, kuma littafi ya girmi Uba. Uba ya ce salla ta girmi littafi. Nan fa aka kaure.

Na raɗa wa Mmesoma wani abu. Ta hau kujera ta ce, "Anti Nana ta ce a ajiye takardar a ƙasa!"

Aka ajiye. Na raɗa mata sauran. "Ta ce yanzu ina saman yake?"

Suka zagaye takardar suna leƙe. Babu sama, babu ƙasa, sai dai a juya ta har gabas ɗinta ta kalli gabas ta gaske. Malama ta dube ni wani irin kallo, har na rufe fuska da hijabi. Ni ma ban san daga ina dabarar ta zo min ba. A kwance nake karanta littafin nan kullum, wataƙila shi ya sa.

Sai Malama ta ce to ga hadari ya rufe rana, ta yaya za mu san gabas ta gaske? Uba ya ce, "Malama, ai da sauƙi. Kowane masallaci yana da goshi, inda liman yake tsayawa. Goshin gabas yake kallo." Ya ja mu taga ya nuna mana masallacin bayan makaranta. Ga shi kuwa, bangon ya turo waje kamar goshi. Malama ta ce a Sabon Gari aka haife ta, kullum tana wuce masallatai, ba ta taɓa lura ba. Marvellous ya ce cocinsu ba shi da goshi amma yana da hula.

Na dawo gida ina duba goshin kowane masallaci a hanya. Duk wuri ɗaya suke kallo. Duk!

Litinin, bayan Magariba

Baba bai kunna inji ba yau ma. Maza sun taru a ƙofar shagonsa, da baban Mmesoma da mai unguwa da wasu, sun tafi wani ofis da manyan riguna. Sun dawo ba wanda ya tsaya hira.

Umma ta sauke kwanonin da ke saman kabad tana naɗe su da tsofaffin zannuwa.

Ban da wannan lafiya lau. Saura Talata da Laraba.

Alhamis, bayan La'asar

Babbar taswira! Malama ta samo kwalaye daga kasuwa, muka buɗe su muka manne da gam, suka cinye rabin laburare. Ni na ja layin dogo da babban titi da alli, na sa makaranta a tsakiya, na sa ɗan masallacin da goshinsa. Sannan kowane yaro ya nemo layinsu ya sa gidansu. An cire takalma, ana rarrafe a kan unguwa. Uba ya zauna a kan kasuwa gaba ɗayanta, Marvellous ya ce ya tashi ya danne wa mamansa shago.

Ina can ina gyara wa wata yarinya kwalbati, na juyo sai na ga jar kala tana yawo daga hannu zuwa hannu. 'Yan layinmu da na bayanmu, kowa ya zana gidansu ya ɗora masa jan gicciye, irin wanda masu fenti suka yi mana. Mmesoma ta yi wa nasu, ta yi wa namu ma, ta ce, "Anti Nana, ga naku, na taya ki."

Ban raɗa wa kowa ba. Ni da kaina na ce, "Ku goge!"

Da ƙarfi ya fito. Har Malama ta ajiye abin da ke hannunta. Yaran suka zuba min ido.

Marvellous ya ce, "Ai akwai shi. Malama ta ce abin da ido ya gani."

Na ce, "A bango yake. Shirwa ba ta ganin bango, rufi take gani. Daga sama ba a ganin jan fenti."

Suka yi tunani, suka ga gaskiya ce. Uba ya ce, "Kamar ƙafafun tebur!" Suka hau gogewa suna murna sun gane wani abu. Kalar ba ta goguwa, sai muka yayyanka takarda muka manne a kai, kowane gida ya samu sabon rufi fari.

Da aka tashi Malama ta ce, "Ashe da murya." Ta ba ni alewa.

Na yi magana a gaban mutum fiye da ashirin. Ni. Ya kamata in yi murna, kuma ina murnar.

Asabar, da hantsi

Baba ya cire tagar ɗakinmu da ƙofar shago. Shi ya ƙera su da hannunsa, ya ce ba zai bar su ba. Umma ta rataya buhu a wurin. Da iska ta taso sai buhun ya riƙa shigowa yana fita.

Gidan su Mmesoma sun fara sauke kwanon rufi.

Yanzu ko daga sama ana gani.

Talata, lokacin tara, a laburare

Na zo da wata tambaya da ta hana ni sakat. Inda ake sauka daga bas in za a zo makarantarmu, Bakin Rimi ake ce masa. Kwandastoci haka suke kira, kowa haka yake kwatance. Amma babu rimi a wurin. Umma ta ce tun kafin a haife ni ya faɗi. Yaran suna son a sa shi a taswira, Malama ta ce taswira ba ta ɗaukar abin da babu.

Na tsaya a gaban teburinta har ta ɗago. Na ce, "Malama, in ba mu sa rimin ba, baƙo zai ɓata. Da shi za a yi masa kwatance."

Ta ce, "In mun sa kuma, zai yi ta neman bishiya."

Na ce to mu yi masa alama ta daban. A zana shi da ɗigo-ɗigo, a rubuta a gefen taswira cewa ɗigo-ɗigo na nufin abin da babu shi yanzu amma mutane ba su daina kwatance da shi ba.

Ta jingina da kujera ta ce, "Kin san nawa ne irinsu a garin nan? Tsohon gidan mai. Tsohon sinima. Inda aka yi gobara. Mamana har yau tana aika mutane kusa da shagon wani tela da ya mutu ina firamare." Ta ce a yi haka.

Sannan ta rage murya ta ce ta ji labarin layinmu, ta ji maganar Hunkuyi a bakin Mmesoma. Ta ce tana iya zuwa ta ga Baba. Na yi murna, na ce don Allah. Sai ta ce, "To amma me babanki yake tsoro?" Na faɗa mata. Ta ce, "In ni na je na yi magana a madadinki, me zai gani?"

An buga ƙararrawa.

Alhamis, da yamma

Ɗigo-ɗigo ya karɓu! Kowa ya zo da nasa. Uba ya kawo rijiyar da aka cike, Marvellous ya kawo wani kare mai cizo da ya mutu bara, ya ce har yanzu ba wanda yake bin lungun. An yi ƙuri'a, kare ya shiga. Na yi bayanin alamomi da bakina, a hankali dai, amma na baya sun ji, don na tambaye su.

Mmesoma ba ta hau kujera ba yau. Gobe za su tafi Kaduna wajen ƙanin babanta. Da za a tashi ta ja hijabina ta ce, "Anti Nana, in an rushe gidanmu, ki yi masa ɗigo-ɗigo. Kada ki goge."

Na ce to.

Ta ce, "Wa zai riƙa yi miki shela?"

Uba ya ce shi. Ta ce bakinsa ya yi yawa, zai ƙara nasa a ciki.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na yi! Na yi!

Tun jiya na zana hanyar a takarda biyu da na manne. Gidan Goggo, kasuwar Samaru, Palladan, gadar Kwangila, Bakin Rimi da ɗigo-ɗigo, makaranta. Baba yana zaune a kan benci inda ƙofar shago take da. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da dawowa." Ya amsa. Na shimfiɗa takardar a ƙasa, na juya ta har gabas ta kalli gabas. Na ce, "Baba, ina so in zauna wajen Goggo. Na san hanya. Ga ta."

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya bi titin. Ya ce, "Wannan fa mai ɗigo?" Na yi masa bayani. Ya ce a ƙarƙashin rimin nan ya fara koyon aiki, wajen wani mai faci.

Sannan ya ce, "Nana, takarda ba ta tsai da mota."

Na ce, "Ni zan tsai da ita."

Umma tana daga ciki ta daina abin da take yi.

Ya ce gobe za mu je Samaru. Daga ƙofar Goggo ni ce gaba, shi baƙo ne, bai san gari ba, ba zai ce uffan ba. In na kai shi makaranta na mai da shi, zai yi tunani.

Ba na jin yunwa. Na yi ta gwada faɗin "da mai sauka" a banɗaki.

Asabar, gab da Magariba

Ban san ta inda zan fara ba. Ƙafafuna duk laka.

Goggo ta rako mu bakin titi tana cewa, "Ki buɗe baki, 'yar nan, ba a biyan haraji a kansa." Na tsai da bas da hannu, wannan ba wuya. Aka tura ni can ciki, Baba ya zauna a kujerar baya ya harɗe hannu yana kallon taga kamar bai taɓa ganina ba. Ina riƙe da takardata ina bi. Palladan, ga ta. Gada, ga ta. Komai yana zuwa daidai yadda na zana, har na ji kamar in nuna wa matar da ke kusa da ni.

Sai kwandasta ya ce, "Bakin Rimi! Da mai sauka?"

Na ɗaga hannu. Kamar a aji. Wa zai ga hannu a bayan ƙaton buhun barkono? Na ce "da mai sauka," amma ni ma ban ji ba. Ya buga mota, muka wuce. Ina kallon kwanar makarantarmu tana komawa baya. Na waiga. Baba yana kallon taga.

Sai da aka kai tasha ta bayan kasuwa aka juye kowa. Ban taɓa sauka a nan ba. 'Yan acaba, masu turin baro, wani yana tallar maganin ɓera da lasifika, ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ba rana ba alamarta. Baba ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya. Hawaye ya cika min ido. Na ce shi ke nan, Hunkuyi.

Ina cikin share ido sai na hango ɗan masallacin direbobi a gefen tasha. Da goshinsa! Na je kusa na tsuguna, na shimfiɗa takarda a ƙasa na juya ta. Wani ɗan acaba ya ce, "Hajiya ƙarama, duba ake yi? A duba min ko zan yi aure bana." Ban kula shi ba. Makaranta tana yamma da kasuwa, wannan na sani daga babbar taswirarmu. Na ba goshin baya na kama tafiya. Ina jin takalmin Baba a bayana.

Muka yi tafiya mai kyau, sai ga ruwa ya cinye hanya, kwata ta cika ta malalo, ba wurin taka ƙafa. Lungu biyu, dama da hagu, babu ko ɗaya a takardata.

Akwai wata mata tana gasa masara a bakin lungun, Bayarabiya, da ƙaton ɗankwali. Na tsaya a gabanta. Na tuna shagon Obi. Na ce, "Mama, ina wuni. Don Allah ta ina zan bi in fita Bakin Rimi?"

Ta ce, "Eh? Ɗaga murya, 'yata, gawayi ya toshe min kunne."

Na sake faɗa da ƙarfi. Ta nuna da mafici ta ce, "Bi nan. In kin kai inda injin niƙa yake da, ki yi dama."

Na ce, "Mama, yanzu me ke wurin?"

Ta ce, "Yanzu? Mai cajin waya. Amma kowa ya san injin niƙa ne."

Dariya ta kama ni. A tsakiyar wannan hali! Na yi mata godiya, muka bi, ga mai cajin waya, muka yi dama, ga titi, ga kwana, ga ƙofar makarantarmu a kulle da kwaɗo. Na dafa ta na juyo.

Baba ya ce, "Saura komawa."

A komawa na ƙi shiga ciki, na ce wa kwandasta kusa da ƙofa zan zauna. Da muka doshi kasuwar Samaru ban jira ya tambaya ba. Na ce, "DA MAI SAUKA!" Direba ya taka birki har wani ɗalibi ya bugi kujera. Kwandasta ya ce, "Haba ƙanwata, ai ba sace ki muka yi ba." Duk motar aka yi dariya. Ban waiga na ga ko Baba ya yi ba.

Goggo ta ce yaya? Baba ya ce, "An wuce da ita." Goggo ta ce, "To ga ta kuma." Ya sha kunu.

Lahadi, da rana

Baba bai ce komai a kan maganar zamana ba. Mun sauke namu rufin.

Talata, da yamma, a gidan Goggo

Masu rusau sun zo da safe. Ina makaranta. Ana jin ƙarar daga aji.

Ban bi ta layinmu ba da aka tashi. Baba ya ce in wuce Samaru kai tsaye, duk muna nan. Na hau bas ni kaɗai, amma ban sani ba ko wannan yana cikin lissafi.

Kafin in taho na shiga laburare. Malama ta miƙo min biro ba tare da na tambaya ba, ta fita ta ja ƙofa. Na yi wa gidan su Mmesoma ɗigo-ɗigo a babbar taswira. Na yi wa sauran. Namu na bari a ƙarshe.

Laraba, bayan La'asar

Motar kaya ta zo da hantsi, ban je makaranta ba. Aka ɗora inji da kwanon rufi da katifu. Jakata ma aka ɗora, ni da kaina na miƙa, don ba wanda ya ce min kada in miƙa. Goggo tana ta harare-harare tana buga murfin tukunya.

An gama ɗaure igiya, Umma ta saɓa ƙanina a baya, sai Baba ya hau bayan motar ya kwance gefe ɗaya. Ya zaro jakata ya sauko ya ajiye ta a ƙofar ɗakin Goggo.

Ya ce, "Yaya, ga amana." Ya juyo wajena. "Kusa da ƙofa za ki riƙa zama. Kuma ki rage ihun nan, kada ki kashe wa mutane direba."

Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni na durƙusa ina ta cewa na gode, na gode, ban san sau nawa ba. Zan zauna! Gobe Alhamis kuma ina nan!

Sai na ga Umma ta juya baya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. A lokacin ne na gane ɗaya gefen abin. Ban taɓa kwana inda ba ta ba.

Ta ja ni bayan ɗaki. Umma ba ta fita ita kaɗai, ko kasuwa sai da rakiya, kuma ba ta karanta boko. Ta ce a hankali, "Irin takardar nan da kika nuna wa babanki. Ki yi min tawa. Daga Hunkuyi zuwa nan. Ba zan zauna jiran sai ya samu sarari ba."

Direba yana ta danna ham. Na yage takarda daga littafin lissafi na tsuguna. Ban rubuta kalma ko ɗaya ba. Na zana mata tasha, na zana gada inda za ta sauya mota, na zana kasuwa da masallacin da ke bakin lungun Goggo, na sa jarkar kunu a ƙofar gida. Ina zanawa ina faɗa mata, tana maimaitawa. Na ce in ta ga kasuwa ta yi magana da ƙarfi, kada ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ji mai koya min magana."

Gidan Goggo ya fito ya fi gadar Kwangila girma. Da Uba ne ya yi haka da na sa shi ya sake. Na miƙa mata a haka. Ta ninke ta ƙanana, ta ɗaure a bakin zaninta, ta ja ƙullin da haƙori.